Nazari a kan "Lissafin Mulki" na Sir William Petty

Cikin shekarar 1690 aka buga wani ɗan littafi a birnin Landan mai suna Political Arithmetick, watau Lissafin Mulki. Mai littafin, Sir William Petty, bai ga fitowarsa ba, gama ya rasu tun 1687. Ya rubuta shi ne wajen 1671 zuwa 1676, amma aka ajiye shi a akwati don gudun ɓata wa Faransa rai, domin a cikinsa ya yi ta auna ƙarfin Ingila da nata. A gabatarwar littafin Petty ya ɗauki wani babban alkawari. Ya ce shi ba zai bi hanyar masu gardama da kalmomi irin su "ya fi yawa" da "mafi girma" ba, zai yi magana ne da adadi da nauyi da awo kaɗai, ya kuma bar duk abin da ya rataya a kan ra'ayi da son zuciyar mutane.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba ko ya cika wannan alkawari. Tambayar ba ta masana tarihin Ingila kaɗai ba ce, domin yau da wuya a sami gwamnatin da ke yanka haraji, ko raba kuɗi, ko gina makaranta, ba tare da ta ce lissafi ne ya nuna mata ba. Petty yana cikin na farko da suka ce haka ya kamata a yi mulki, saboda haka ƙarfin hanyar da rauninta duka ana iya ganinsu a wurinsa tun suna danyu.

1. Mutumin da zamaninsa

An haifi Petty a 1623 a garin Romsey, ubansa mai sana'ar tufafi ne. Ya shiga aikin jirgin ruwa yana yaro, ya karye a ƙafa, aka sauke shi a gaɓar Faransa, inda ya yi karatu a garin Caen. Daga baya ya koyi likitanci a Holan, ya zauna da Thomas Hobbes a Faris, ya zama shehun malami na ilmin gaɓoɓin jiki a Oxford cikin 1651. A 1652 aka naɗa shi babban likitan rundunar Cromwell a Ailan. Wannan tarihi yana da amfani ga mai karanta littattafansa, gama da idon likita ya dubi ƙasa. Ya ɗauke ta kamar jiki wanda ake iya fiɗewa a ƙirga gaɓoɓinsa, har ya sa wa littafinsa na Ailan suna The Political Anatomy of Ireland, watau fiɗar jikin ƙasar. Daga Francis Bacon ya gaji cewa ilmi daga gwaji da lura yake fitowa, daga Hobbes kuwa ya gaji cewa amfanin ilmin mulki shi ne ƙarfafa mai mulki.

2. Awon ƙasar Ailan

Kafin Petty ya rubuta kome a kan awo, sai da ya yi awon da hannunsa. Bayan tawayen 1641, Majalisar Ingila ta karɓi kuɗi daga attajirai a 1642 bisa alkawarin za ta biya su da ƙasar Ailan. Da yaƙi ya ƙare, ga kuma sojoji suna bin bashin albashi, baitulmali kuwa ba kuɗi, sai aka yanke shawara su ma a biya su da gonakin da aka ƙwace. To, ba a raba abin da ba a san girmansa ba. An fara wani bincike a 1654 wanda ya dogara ga bakin mutanen gari: a tara su, su faɗi iyakar kowace gona da mai ita, a rubuta da kalmomi. Petty ya ce shi zai auna da sarƙa da kamfas, ya zana a taswira, aka kuwa ba shi aikin a watan Disamba na 1654.

Dabararsa ita ce rarraba aiki. Ya ɗebi mutum wajen dubu, galibinsu sojoji, ya koya wa kowa abu guda: wannan ya ja sarƙa, wannan ya karanta kamfas, wani ya zauna a ofis ya zana, wani ya yi lissafi. Cikin wata goma sha uku, tsakanin 1655 da 1656, aka gama babban aikin da aka sani da Down Survey. Lalle abin yabo ne ta wajen gwaninta, har Kwalejin Trinity ta Dablin ta tattara taswirorin da suka saura ta sa su a intanet cikin 2013, masu bincike suna amfani da su.

Amma fa akwai abin lura. Sarƙa tana faɗin tsawo da faɗi, ba ta faɗin ko ƙasa "mai amfani" ce ko "marar amfani". Alhali kuwa a kan waɗannan kalmomi biyu rabon duka ya rataya, domin ƙasa mai amfani ita ake lissafa wa soja a madadin albashinsa. Tudun duwatsu da ƙasa mai taɓo da ruwa ke kwanciya a kanta, in mai awo ya kira su masu amfani, an cuci soja. In ya kira gona mai kyau marar amfani, wani ya sami garaɓasa. A nan rigima ta tashi, har Sir Hierome Sankey ya kai ƙarar Petty gaban Majalisa a 1659 bisa zargin ha'inci. Majalisar ta watse ba a yanke hukunci ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne likitan da ya je Ailan da albashi ya fito da dubban eka a yankin Kerry. Masana tarihi sun lissafa cewa Katolika suna riƙe da wajen kashi 59 cikin 100 na ƙasar a 1641, amma zuwa 1688 abin da ke hannunsu bai wuce wajen kashi 22 ba. Ga waɗanda aka kora, daidaicin sarƙa bai rage musu zafi ba, sai ma ya sa korar ta zauna da gindinta.

3. Suna kafin adadi

Wannan shi ne babban raunin alkawarin Petty, kuma mai jin Hausa yana da sauƙin gane shi daga ginin jimlarsa. Bahaushe yakan ce "gona goma", "mutum ɗari", "shanu hamsin". Suna ke zuwa da fari, adadi ya biyo. "Goma" ita kaɗai ba ta faɗi kome ba sai an san goman mene ne. Kafin a ƙirga gida, tilas wani ya yanke mene ne gida. Kafin a ƙirga matalauta, tilas wani ya ja layi ya ce daga nan talauci ya fara. Wanda ya yanke ma'anar suna ya riga ya yanke rabin amsar, kuma da kalmomi ya yanke ta. Watau ra'ayin da Petty ya kora daga zaure ya zagayo ya shigo ta ƙofar baya.

Har ila yau Hausa ta bambanta ƙidaya da ƙiyasi. Ƙidaya ita ce a bi abu ɗaya bayan ɗaya, ƙiyasi kuwa a ɗora abin da ba a gani ba a kan wanda aka gani. Mafi yawan adadin da ke cikin Lissafin Mulki ƙiyasi ne, gama a zamanin ba a taɓa ƙidayar mutanen Ingila ba. Ana iya ganin yadda ƙiyasin ke tafiya a aikin abokinsa John Graunt, ɗan kasuwar Landan, wanda ya buga nazarinsa na takardun mutuwa na mako mako a 1662. Graunt ya ɗauka ana haihuwar yara 12,000 a shekara a birnin. Ya ce mace takan haihu sau ɗaya a shekara biyu, saboda haka mata masu haihuwa 24,000 ne. Ya ce iyalai sun ninka wannan sau biyu, 48,000 ke nan, kowane iyali kuma mutum takwas. Jimla 384,000. Matakin farko kaɗai ke da takarda a bayansa, sauran uku zato ne. Amma Graunt ya shimfiɗa kowane mataki a fili yadda mai karatu zai iya ƙin yarda da shi, ya kuma yi shakkar abin da tsofaffin matan da ke duba gawa suke faɗi game da dalilin mutuwa. Da wannan taka tsantsan ya gano abubuwa na gaske, kamar cewa haihuwar maza ta ɗara ta mata da wajen 14 bisa 13.

Petty ya fi Graunt ƙarfin hali, bai kai shi kiyayewa ba. A rubutunsa na 1682 kan girman Landan ya ninka yawan jana'iza sau talatin ya sami mutum wajen 670,000. Sa'an nan ya ce birnin yana ninkuwa kowace shekara 40, ƙasar kuwa sai shekara 360, don haka in aka ci gaba, a 1840 Landan za ta kai mutum miliyan 10 da wani abu, kusan daidai da ƙasar duka. Shi da kansa ya ga haka ba zai yiwu ba, ya ce tilas girman birnin ya tsaya kafin 1800. Ƙidayar 1841 ta sami Landan da mutum wajen miliyan 2, tana kuwa ta ƙaruwa, Ingila da Wales kuma kusan miliyan 16. Ninkawar ba ta da kuskure, abin da aka ninka ne ba shi da tushe.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Petty bai ɓoye wannan gaba ɗaya ba. A gabatarwar ya yarda cewa waɗansu adadinsa zato ne wanda bai yi nisa da gaskiya ba, kuma ya roƙi masu iko su tara labarin da zai gyara su. Aibin shi ne da an wuce gabatarwa sai zaton ya sa rigar tabbas, a gina masa bene a kai.

4. Kuɗin mutum

Misali mafi kyau na ƙarfin hanyar da haɗarinta yana cikin Verbum Sapienti, wanda ya rubuta wajen 1665, lokacin yaƙi da Holan, aka buga a 1691. Ya ce mutanen Ingila da Wales miliyan 6 ne, kowa kuma yana cin fam 6 da sule 13 da kwabo 4 a shekara, jimla fam miliyan 40. Hayar ƙasa tana kawo miliyan 8, sauran dukiya miliyan 7. Saura miliyan 25, tilas daga aikin hannun mutane suke fitowa. Dukiyar ƙasar duka ya ƙiyasta ta fam miliyan 250. In miliyan 250 ke haifar miliyan 15, to abin da ke haifar miliyan 25 ya kai wajen miliyan 417. A raba wa mutum miliyan 6, kowane kai ya tashi fam 69.

Wannan shi ne ƙoƙari na farko da aka sani na lissafa abin da al'umma duka ke samu da abin da take kashewa a shekara, aka kuma sa ɓangarorin biyu su yi daidai. Masu lissafin arzikin ƙasa na ƙarni na 20 sun yarda shi ne kakansu. Ya kuma fitar da amfani mai kyau daga ciki: ya ce in annoba ta kashe mutum 100,000 fiye da yadda aka saba, ƙasa ta yi hasarar kusan fam miliyan 7, saboda haka kashe fam 70,000 don rigakafi riba ce ninki ɗari. A shekarar da annoba ta cinye Landan, wannan hujja ce da mai baitulmali zai ji.

Amma mai karatu ya dubi inda miliyan 25 ta fito. Ba a auna ta ba, ragowa ce bayan an ɗebe ƙiyasi daga ƙiyasi. Ya kuma dubi inda ta nufa: ta nuna cewa masu ƙasa suna ɗauke da haraji fiye da rabonsu, ya kamata a shimfiɗa shi a kan abin da kowa ke ci da sha. Petty kuwa mai ƙasa ne babba. Wannan bai isa ya ƙaryata lissafin ba, amma ya isa ya sa a sake duba shi, gama kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Abu na biyu ya fi nauyi. Da zarar mutum ya zama fam 69, ana iya tambayar inda zai fi kawo riba. A Lissafin Mulki Petty ya ce manomi yana samun sule 4 a mako, matuƙin jirgi 12, don haka matuƙi ɗaya manoma uku ne. A babi na huɗu ya kawo shawarar kwashe mutanen Ailan da na duwatsun Sikotilan a zuba su cikin sauran Birtaniya, ya kira ta mafarki. Zuwa 1687 mafarkin ya zama takarda a gaban Sarki James na Biyu: a kwashe mutum miliyan ɗaya daga Ailan zuwa Ingila, a bar wajen 300,000 su yi kiwon shanu. A cikin lissafin akwai kuɗin jirgi da ƙarin haya, babu gurbin harshe, ko kabarin iyaye, ko yardar waɗanda za a kwashe. Waɗannan ba su da adadi, saboda haka hanyar ta lissafa su sifiri. Jonathan Swift ya gane wannan sarai. A 1729 ya rubuta A Modest Proposal, inda ya ari muryar mai lissafin mulki, cikin natsuwa da adadi, ya ba da shawarar a sayar da jariran talakawan Ailan a ci. Zambon ya kama domin muryar ba baƙuwa ba ce ga masu karatunsa.

5. Abin da gwamnati ta ɗauka

Petty ya yi ta roƙon a kafa ofishin da zai riƙa tara adadin mutane da gidaje da ciniki, ba a kafa ba a rayuwarsa. Abin da gwamnati ke da shi takardun haraji ne, a kansu kuma masu lissafi suka dogara. Daga 1662 zuwa 1689 ana biyan sule biyu a shekara a kan kowane murhu a Ingila, mutane suka riƙa toshe murahu. A 1696 aka koma harajin taga, suka riƙa toshe tagogi. Petty ya ba Ailan mutum 1,100,000 a 1672 bisa takardun murhu, masana na baya kuwa sun ga adadin ya yi ƙasa ƙwarai, gama takardun ba su cika ba.

Gregory King ya fi shi kiyayewa. A 1696 ya ƙiyasta mutanen Ingila da Wales miliyan 5 da rabi a shekarar 1688, ya jera su aji aji daga manyan sarakuna zuwa mabarata, masana kuwa har yanzu suna ganin jimlarsa ba ta yi nisa ba. Duk da haka ba a buga aikinsa cikakke ba sai 1802. A 1696 ɗin aka kafa ofishin lura da kayan shiga da fita, wanda Charles Davenant ya riƙe daga baya. Suwidin ta kafa tsarin tara adadin jama'arta a 1749. A Ingila an kawo dokar ƙidaya a 1753, ta wuce majalisar wakilai, ta mutu a ta dattawa, masu ƙinta suna cewa za ta ci 'yancin mutane. Saboda rashin ƙidaya Richard Price, masani na gaske, ya dogara ga takardun harajin gidaje ya ce mutanen Ingila raguwa suke yi, a daidai lokacin da suke ƙaruwa. Ƙidayar farko ta 1801 ta sami kusan miliyan 9. Ba mamaki Adam Smith ya ce a 1776 shi bai ba lissafin mulki gaskiya sosai ba.

Darasin a nan shi ne awo yakan canza abin da ake aunawa, domin wanda ake ƙirgawa yana da hankali, ya san dalilin ƙirgar. Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani. A zamanin haraji da jangali, mai gida yakan ɓoye saurayi, makiyayi ya kora shanu daji ranar ƙirga, malaman taki da suka auna gonakin Kano da ƙafa kuwa sun iske tsawon taki yana iya bin halin mai takawa. Da ƙidaya ta zama ma'aunin kujerun majalisa da rabon kuɗi, sai abin ya juya: aka soke ƙidayar Nijeriya ta 1962, aka sake a 1963 aka sami miliyan 55.6 cikin gardama, ta 1973 ma aka soke ta. Inda ƙirga ke jawo biya mutane sukan ragu, inda take jawo rabo sukan ƙaru.

6. Hukunci

Petty bai cika alkawarinsa ba, kuma ba wanda zai iya cika shi yadda ya faɗe shi, gama adadi ba ya tsayawa sai a bayan suna. Amma kuskure ne a yar da littafin saboda haka. Wanda ya ce "Faransa ta fi ƙarfi" ba a iya kama shi, domin bai faɗi abin da za a gwada ba. Wanda ya ce mutum miliyan 6 ne, kowa yana cin kaza, ya ba abokin gardamarsa igiyar da zai ɗaure shi. King ya gyara Petty, ƙidayar 1801 ta gyara Price, kuma da hanyar da Petty ya buɗe aka yi gyaran duka. Karl Marx, wanda bai ga halin mutumin da kyau ba, ya kira shi uban ilmin tattalin arziki na Ingila, kuma sunan ya dace.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, amfanin littafin yana cikin karanta shi da ɗalibai a tsanake. A ɗauki lissafin fam 69, a sa su rarrabe wane adadi aka ƙirga, wane aka ƙiyasta, wane ne ragowa. Sa'an nan a sa su nemi kalmar da ke gaban kowane adadi, su tambayi wanda ya yanke ma'anarta, da abin da zai samu in amsar ta fito yadda ta fito. Ɗalibin da ya iya wannan da Petty zai iya shi da takardar kasafin kuɗi da rahoton ƙidaya, kamar yadda mai sayen hatsi a baƙuwar kasuwa yakan duba girman mudu tukuna kafin ya tambayi kuɗinsa.